Mai gyaran wayar da bai nemi zanen buɗewa ba

Wayar Yaya ta iso Tawa, garinmu a Nijar, cikin leda, naɗe a tsohuwar rigarsa, kwana 19 bayan an yi masa sutura a Abijan. Wani ɗan unguwarmu da suke haya ɗaki ɗaya a can ne ya kawo ta, tare da agogo da carbi da ƴan tufafi. Mota ce ta kwashe shi da sassafe yana tsallaka titi zai shiga kasuwar Ajame, wayar tana aljihun gaba. Gilashinta ya tsattsage kamar ƙasan tabki a tsakiyar rani, fuskar ta yi baƙi ƙirin, amma in aka jona ta da caji sai ka ji ta ɗan girgiza a tafin hannu. Wannan ƴar girgizar ce ta hana mu jefa ta cikin akwati mu haƙura.

Ba don hotuna kaɗai muke son a buɗe ta ba. Ba a raba gado sai an biya bashin mamaci, haka ya zo cikin ayoyin gado na Suratun Nisa'i, Yaya kuma bai ajiye littafin ciniki ba. Kamar yawancin Adarawan da ke bida, wato ci-rani, a Kodebuwa, duk harkarsa da baki yake yin ta: ya danna WhatsApp ya yi magana, a danno masa amsa. Wanda yake bi bashi da wanda ke bin sa duk suna cikin wannan abin da bai fi tafin hannu ba. Matarsa tana takaba, wata 4 da kwana 10, Inna kuma ƙafa ta yi nauyi. Sai aka ɗora mini, ni da nake koyarwa a makarantar firamare.

Shagon da ya yi mana aikin nake son in yi magana a kansa, amma sai na fara da wanda na baro.

Wurin farko da na je babban shago ne mai fitilu da kiɗa, cike da samari. Wanda ya karɓi wayar ko juya ta bai yi ba ya ce sai an yi mata filashin, in bar ta nan, in kuma bar masa zanen da ake buɗe ta da shi. Na ce gilashi ne ya fashe, me ya kawo filashin? Ya ce haka ake yi. Ina tsaye ina jiran ya sallami wani, idona ya faɗa kan kwamfutar da ke bayansa. Samari uku sun duƙa a kanta suna wuce hotuna ɗaya bayan ɗaya. Hotunan wata yarinya ne a ɗakinta, ba ɗankwali, wayarta kuma ga ta nan gefe a jone da igiya. Babu abin kunya cikin hotunan, irin waɗanda kowace budurwa ke ɗauka ne ita kaɗai a gaban madubi. Amma ba don su ta ɗauka ba. Ɗaya ya ce a tura masa wannan. Na miƙa hannu na karɓi ledata na fito, har gobe kuma abin yana tsaye a raina cewa ban buɗe baki na yi musu magana ba.

Wani abokin aikina ne ya kwatanta mini na biyun. Yana cikin layin masu waya na gefen babbar kasuwa, wani ɗan lungu tsakanin mai sayar da caja da mai ɗinki. Ba allon suna, ba fenti. Na tambayi mai shagon ko in rubuta sunansa, ya ce in bari, aikin da ke gabansa ma ya ishe shi. Wanda ke Tawa in ya shiga layin ya tambayi dattijon da ke ba mutum sim ɗinsa a hannu kafin ya taɓa waya, za a nuna masa.

Wannan shi ne abu na farko da ya yi. Ya ɗauki wani ɗan tsinken ƙarfe ya tura a gefen wayar, ɗan faifan ya fito, ya zare sim da mimori, ya yage takarda daga kaye, littafinsa na rubutu, ya naɗe su, ya tura mini ta kan tebur. Ya ce, "Malam, wanga naku ne, ba ni da aiki da shi." Sannan ya tambaye ni wayar wa ce. Na faɗa masa. Ya yi shiru, ya yi wa mamacin addu'a, ya ce in yi haƙuri da tambayar da zai yi, amma wayar da aka kawo a rufe, mai ita ba ya nan, dole ya san ta inda ta fito, don wayoyin sata ma da irin wannan labarin ake kawo su. Na ji zafin maganar a lokacin, ba zan ɓoye ba. Na nuna masa takardar mutuwa da aka aiko da ita, na kira wanda ya kawo kayan suka yi magana. Ya duba lambar IMEI da ke jikin wayar, lambobi 15 da kowace waya ke da nata, ya rubuta a kayensa tare da sunana da kwanan wata. Da na huce sai na ga da wayata ce aka sace, haka zan so a tsare wanda ya kai ta.

Na ciro wata takarda daga aljihu. Matar Yaya ta zana mini zanen buɗewar a kai, ɗigo tara da layin da ke bi ta cikinsu. Na fara warware ta, ya ɗaga hannu. Ya ce in mayar aljihu, canjin gilashi ba ya bukatar a buɗe waya. Na gaya masa abin da aka ce mini a wancan shagon. Bai zagi kowa ba, bai ma tambayi wane shago ne ba. Ya dai yi mini bayani: wayoyin Android na yanzu duk abin da ke cikinsu a ƙulle yake da wannan zanen ko lambar sirri, in aka yi filashin komai ya tafi, murya da hoto da lambobin mutane, ba mai dawo da su. Bayan haka ma wayar za ta tsaya tana neman asusun Google na mai ita, mu kuwa ba mu san shi ba. Wato da na bar ta a can, da na karɓo waya mai sabon gilashi wadda babu Yaya a cikinta ko kaɗan.

Teburinsa bai kai faɗin ƙofa ba. Akwai shimfiɗar roba shuɗiya mai ƴan ramuka inda yake jera ƙusoshi bi da bi yadda ya kwance su, da na'urar hura iska mai zafi, da ƙarfen liƙa dalma, da gilashin ƙara girma da ya ɗaure da waya a jikin fitila. A ƙasa kwali ne cike da matattun wayoyi, kowace da ɗan farin salatif an rubuta mata wani abu. Ya hura wa bayan wayar zafi, ya zura wani siririn roba ya bi gefe da gefe a hankali har murfin ya saki. Ya jona wani tsohon gilashi na gwaji. Aka ɗan jima, sai haske ya kawo, ga hoton ƴar Yaya ta fari cikin kayan Sallah, da lalle a hannu, tana dariya. Ban san lokacin da na dafa tebur ba. Shi kuwa kallo ɗaya ya yi, wanda zai tabbatar masa inji na da rai, ya kifa wayar a kan shimfiɗar. Yaron shagonsa ya leƙo ta kafaɗarsa, ya ce masa ba tare da ya ɗaga murya ba, "Tahi ka ɗebo ruwa."

Sai maganar kuɗi, inda na saba jin an fara lanƙwasa harshe. Wayar Samsung ce, irin mai karanta yatsa ta cikin gilashi. Ya ce ekiran, wato gilashin fuskar wayar, iri biyu zai iya samo mini. Akwai orijina, wanda aka cire daga wata wayar, jaka 27, wato sefa dubu 27. Akwai kwafi, jaka 14. Ban tambaye shi aibin kwafin ba, shi ya shiga lissafa mini. Na asalin AMOLED ne, kwafin kuwa LCD ne, haskensa ba ya kai na asali, in ka fita rana sai ka kare da hannu kafin ka ga rubutu. Ya fi shan batir. Ya ɗan fi kauri, don haka yakan ɗago kaɗan a gefe. Wurin sa yatsa kuma ba zai ƙara aiki ba, sai dai zane. Ya tambaye ni me za mu yi da wayar. Na ce saƙonni muke son ji. Ya ce to kwafi ya ishe mu, kada mu kashe kuɗin marayu a kan hasken gilashi.

Ya nuna mini batirin ma, ya ɗan kumbura kamar ƙosai. Ya ce zafi ne da yawan kwana a caji, ga bazarar Tawa da ke haura digiri 40. Yana da sabo a shago, ina ganinsa rataye cikin leda. Amma ya ce in dai kwashe saƙonni za a yi a ajiye wayar, ba sai an canza ba, kawai kada a bar ta a caji da dare, kada kuma a sa ta ƙarƙashin matashi. In yaro zai riƙe ta yau da kullum, to lallai a dawo a canza.

Ina nan zaune a kan wani bulo wata yarinya ta zo da ƙaramar Itel, ta ce ba ta shan caji, an ce mata sai an canza bakin cajin. Ya haska ramin da fitila, ya ɗauki allura ya yi ta sakato ƙura da zaren aljihu, har ya tara ɗan dunƙule kamar ƙwayar gero a kan farcensa, ya nuna mata. Ya jona, wayar ta kama. Ta tambayi kuɗi, ya ce ta ba yaron dala 20 ya sha ruwa. Duk wanda ya yi hunturu a garin nan ya san yadda ƙura ke shiga ko'ina, ya kuma san wayoyi nawa ake karɓar kuɗin canjin baki a kansu alhali allura ce maganinsu.

Kada a ɗauka shagon ba shi da abin faɗa. Ya ce mini kwana 3, sai da aka yi 8. Kayansa daga Yamai ake sako masa a motar fasinja, tafiyar da ta haura kilomita 500 ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, an kuma aiko masa da wanda bai dace da wayar ba a karon farko. Wannan ba laifinsa ba ne, amma rashin kira laifinsa ne. Sau biyu ina baro makaranta da rana tsaka in zo in tarar babu, alhali lambata tana cikin kayensa. Ba wurin zama sai bulo, ba inuwar kirki bayan azahar. Ranar Lahadi, da yake ranar kasuwa ce, kada ma mutum ya je in yana sauri, mutanen ƙauyuka sun cika layin tun hantsi. Ba ya ba da takardar shaida sai ka nema. Kuɗinsa ya ɗara na maƙwabtansa da jaka 1 ko 2, kuma ba ya ragi, in ka cika ciniki sai ya miƙo maka wayarka. Ya ce tun rufe iyakoki na 2023 kaya suka hau, ko da aka buɗe ta Najeriya a 2024 ba su koma inda suke ba. Sannan mutum ne marar yawan fara'a. Wanda ke son a tarbe shi da wasa da dariya zai fito yana cewa dattijon nan yana da girman kai.

Ranar da na je karɓa, kafin in ciro kuɗi ya ce akwai maganar da zai gaya mini. Wajen ɗaga injin, hannunsa ya tsinke wata siririyar waya da ke kai rezo, wato sabis ɗin kira, mai kaurin zaren ɗinki. Ya ciro tsinkakkiyar daga wani murfin kwalba ya nuna mini, ya ce ya maye ta da wata daga cikin matattun wayoyinsa, ba zai sa ta a lissafi ba, amma in muka ga rezo na rawa mu dawo. Na tsaya ina kallonsa. Wayar da mota ta buge, wa zai ce ba hatsarin ne ya tsinke ta ba? Ko shekara na yi da ita ba zan san akwai wannan zaren a ciki ba. Kafin ya rufe murfin kuma na ga ya rubuta a cikinsa da alƙalami mai tawada baƙa: kwafi, da kwanan wata. Ya ce don in wata rana an sayar da ita, mai gyaran da ya buɗe zai gani, mai saye ba zai biya kuɗin orijina ba.

Tun muna allo muke jin hadisin nan da Muslim ya ruwaito, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya tura hannu cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Aka ce masa me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Na sha karanta wa yara wannan. Ban taɓa ganin an ɗora jiƙaƙƙen a sama da hannu ba sai a wannan lungun.

Ya gwada taɓawar gilashin ta wurin kiran gaggawa, inda ake iya danna lambobi ba tare da an buɗe waya ba, ya bi kusurwa huɗu. Ya kashe ta, ya mayar cikin ledar da na kawo ta. Ya ce, "Ku kai wa mai takaba ta buɗe da hannunta. In wani abu bai yi ba, ku maido."

Da dare, bayan yara sun kwanta, matar Yaya ta ja zanen da yatsa. Ni da ita da ƙanenta muka zauna a tsakar gida muka fara saurare.

Abin da zan faɗa yanzu da izininta ne da na Inna, kuma sai da aka biya kowa. Shekara biyu ke nan Yaya ba shi da rumfa. Jarinsa ya karye, ya koma ɗaukar kayan wasu yana zagayawa da su a ka, a ba shi la'ada. Kuɗin da ke iso mana ta kamfanin aika kuɗi na Nita duk wata, da ragon layya, da kuɗin makarantar yara, da maganin hawan jinin Inna, rabinsu rance ne. Mutum 6 ke bin sa. Muryarsa ce, wadda na sani tun ina goye, tana ba wani haƙuri, tana cewa a ƙara masa sati biyu, gida sun kira, tsohuwa ba ta da lafiya. A ranar da ya yi wannan saƙon, na duba kwanan watan, ya aiko mini da nawa yana dariya, yana cewa kasuwa sai godiya, in gaya wa Inna kada ta damu da komai.

Na yi kuka, na kuma yi fushi da shi, fushin da har yanzu bai gama sauka ba. Ina da albashi, komai ƙanƙantarsa. Da ya faɗa mini da na ɗauke masa maganin Inna. Amma da na yi kwanaki ina juya abin, sai na ga ba shi kaɗai ya ɗinka wannan rigar ba, mu muka yanka masa ita. A Adar, wanda ya tafi bida ba a tambayarsa yaya jikinka, ana tambayarsa yaushe za ka aiko. Wanda ya dawo da akwati da sabon babur shi ake yi wa kirari a bakin masallaci, wanda ya dawo hannu rabbana sai ya shigo gari da dare. Yaro yana tasowa yana ganin wannan. In ya je can ya faɗi, me zai ce wa gida?

Kalmar da muke amfani da ita ma ta isa a tsaya a kanta. In Bahaushe ya samu abin da zai ci ya ciyar, ba ya cewa na wadata, cewa yake ina cikin rufin asiri. Addu'ar da tsofaffi suka fi yi mana ke nan, Allah ya rufa asiri. Wato a wurinmu talauci tonon asiri ne, samu kuma mayafi. Akwai kyau a cikin wannan, don shi ke sa maƙwabciya ta aiko da tuwo bayan isha'i ta ƙofar baya, ba da rana a gaban mutane ba. Amma shi ne kuma ya sa ɗan'uwana ya yi shekara biyu yana ɗaukar kaya a ka yana yi mini dariya a waya. Ana cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Gaskiya ne. Sai dai akwai abin da in ciki ya riƙe shi, shi yake cin mai cikin.

Ina koya wa yara tatsuniya, kuma tun wannan daren nake kallon Gizo da wani ido. Kusan duk tatsuniyarsa ɓoyo ce: ya ɓoye abinci ga Ƙoƙi, ya ɓoye niyyarsa ga kura, ya yi ƙaryar ciwo ko ta mutuwa don ya ci shi kaɗai. Yara suna dariya, a ƙarshe asiri ya tonu ya haye rufin ɗaki. Kakanninmu sun tanadar mana labarai da yawa a kan mai ɓoyewa don ya cuci wani. Na nemi wadda ke magana a kan mai ɓoye yunwarsa don wasu su ƙoshi, cikin waɗanda Inna ta yi mana, ban tuna ko ɗaya ba. Wataƙila shi ya sa ba mu san yadda ake gane irin wannan mutumin ba ko da a gidanmu yake.

Da can asirin ɗan bida a bakin mutane yake yawo. Lokacin Baba, wasiƙa ake aikowa da ajami, a kai wa malamin unguwa ya karanta, ko da boko a kira ɗan makaranta. Malamin ya san wanda ya aiko da kuɗi da wanda ya aiko da haƙuri, kuma ana auna malami da abin da bai faɗa ba. Daga baya aka koma kaset, mutum ya shiga ɗaki ya yi magana a rediyo, a ba direba ya kawo, gida su taru su saurara. Yanzu duk wannan ya koma cikin waya, har da abin da ba a taɓa sa wa a wasiƙa ko kaset ba, ranar da ta lalace kuma sai mu miƙa ta ga yaron da ba mu san ko ɗan gidan wa ne ba, mu haɗa masa da mabuɗin. Mai gyaran waya yau yana zaune ne a mazaunin wancan malamin, ko ya sani ko bai sani ba.

Nijar tana da doka a kan haka. Tun 2017 aka yi dokar kare bayanan mutane, akwai hukumar HAPDP da aka ɗora wa kula da ita, a 2019 kuma aka yi ta laifukan intanet. Amma yarinyar da na ga hotunanta a kwamfutar wancan shagon ba za ta taɓa sanin an kwafe su ba, balle ta kai ƙara, sai ranar da suka ɓulla a wayar wani. Kafin doka ta iso lungun masu gyara, abin da ke tsare mutum shi ne halin wanda ya miƙa wa wayar, da ɗan abin da shi kansa ya sani. Ka cire sim da mimori da hannunka. Canjin gilashi ko batir ko bakin caji ba ya bukatar lambar sirri, wanda ya nace sai ka ba shi, ka tambaye shi dalili, in gwaji ne ka buɗe da kanka kana tsaye. Wasu wayoyin Samsung tun 2022 suna da wani tsari na lokacin gyara da ke rufe hotuna da saƙonni ya bar wa mai gyara abin gwaji kawai, mai irin wannan wayar ya neme shi cikin saiti. Dattijon ne ya nuna mini shi a tawa wayar, ban tambaye shi ba.

Inna ce ta fi ba ni wuya. Ƙanen matar Yaya ya ce kada a gaya mata, a biya bashin a ɓoye, a bar ta da ɗanta yadda ta san shi. Na kwana biyu a kan wannan shawarar. Amma gonar da za a jinginar don a biya, da sunanta take, kuma na ga in muka yi haka mun ɗauki kayan da ya kashe wa Yaya wuya mun ɗora a namu kan. Na je ɗakinta bayan sallar asuba na zauna a bakin gado na faɗa mata duka. Ta daɗe tana jan carbi ba ta ce komai ba. Sannan ta ce tun bara ta ji a muryarsa, uwa ba ta rasa ji, ta yi shiru ne don kada ta kunyata shi. Ta ce a kira mutanen nan shida ɗaya bayan ɗaya, ita za ta yi musu godiya da bakinta kafin a biya su. Biyu daga cikinsu suka ce sun yafe.

Bayan sati uku na koma shagon da wayar, don a kwashe muryoyin a zuba a mimori saboda yara in sun girma. Ya ce wannan aikin sai waya na buɗe, don haka ba zai karɓa ya ajiye ba. Ya jawo bulon kusa da tebur, ya ba ni igiya, ya juya mini kwamfutar ta fuskance ni, shi yana daga baya yana gaya mini inda zan danna. Da aka gama ya sa na goge abin da ya sauka a kwamfutar, na kuma buɗe kwandon shara na goge a can ma, yana kallon bango. Jaka 1 ya karɓa.

Ina naɗe igiyar ya tambaye ni ko rezon yana rawa. Na ce lafiya lau yake. Ya ce mai takaba fa, ta samu abin da ake nema? Na ce ta samu. Ya ce Allah ya jiƙan shi, ya raya abin da ya bari, ya miƙa hannu ya karɓi wayar wani Buzu da ke tsaye a bayana tun ɗazu, ya ɗauki tsinken ƙarfensa ya fara zare masa sim.